Skopje: Me ya sa ginin da ya fi kama da tsoho shi ne sabo?

Wanda ya ga hotunan tsakiyar Skopje, babban birnin Masedoniya ta Arewa, zai rantse birni ne da ya gaji gine-ginensa tun zamanin Girkawa da Rumawa: dogayen fararen ginshiƙai, ƙatuwar ƙofar nasara, gumakan tagulla jere reras a kan gadoji. Alhali akasarinsu ba su cika shekara 20 ba. Gine-ginen kankare masu ruwan toka da ke leƙowa ta bayansu, waɗanda baƙo zai ɗauka su ne sababbi, sun girme su da shekara 30 zuwa 40. Tsofaffin na ainihi kuwa suna ƙetaren kogin Vardar, a lungunan tsohuwar kasuwa.

Ruɗanin ya ƙaru tun bayan yarjejeniyar Prespa ta ran 17 ga Yuni, 2018, wadda ta kashe rigimar da ke tsakanin ƙasar da Girka kan amfani da sunan Masedoniya. Cikin sharuɗɗanta har da batun gumaka da gine-ginen hukuma. A 2019 aka kafa alluna a gindin wasu gumakan, ciki har da ƙaton mahayin dokin da ke babban dandalin birnin, wato gunkin Iskandar Mai Girma, suna bayyana cewa mutumin da aka siffanta ɗan tarihi da wayewar Girkawan dā ne. Gwamnati ɗaya ta zuba miliyoyi ta tsayar da gunki don ta ce nata ne, wata ta zo ta liƙa masa rubutu mai danganta shi da maƙwabta. Don a gane yadda aka kai nan sai an bi garin hawa-hawa, domin birane uku ne a kan juna, kowanne da kayan gininsa da irin cutar da ke cinsa.

Kalmomin da ake yawan ji

Charshiya kalmar Turkanci ce mai nufin kasuwa, kuma da ita ake kiran tsohuwar unguwar kasuwanci ta Skopje. Han masaukin fatake ne, hamam kuma gidan wankan jama'a.

Burutalizim, salon gine-ginen kankaren nan masu ruwan toka, ya samo suna daga yadda Faransawa ke kiran kankaren da aka bari tsirararsa, ba filasta ba fenti, har ana ganin sawun katakon da aka zuba shi ciki. Sabon salon kilasik shi ne kwaikwayon ginin Girka da Rum, da ginshiƙai da goshin gini mai kusurwa uku. Mutanen Skopje kan kira sababbin gine-ginen nasu "barok", ko da yake masana sun ce barok wani salo ne daban na ƙarni na 17 da na 18, abin da aka gina kuma gauraye ne na salo iri-iri. Sai antikvizatsiya, laƙabin da masu suka suka ba manufar danganta Masedoniyawan yau, waɗanda harshensu ɗan uwan na Bulgeriya da Sabiya ne, da tsohuwar masarautar Filib na II da ɗansa Iskandar Mai Girma.

Abin da Turkawa suka bari

Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta karɓi birnin a 1392, ta riƙe shi har 1912, tana kiransa Uskub. Gadar Dutse, wadda ke haɗa dandalin birni da Charshiya, an gina ta a zamanin Sultan Mehmed na II, tsakanin 1451 da 1469. Tsawonta mita 214, faɗinta mita 6, tana kan baka 12. Masallacin Sultan Murad na 1436 ne, na Isa Bey na 1475, na Mustafa Pasha na 1492. Hamam na Daut Pasha yana da ɗaki 15 a ƙarƙashin kubba 13, kuma tun 1948 ya koma gidan adana zane-zane na ƙasa. Kurshumli Han ya samu sunansa daga darmar da aka rufe ƙananan kubbobinsa da ita. Daga baya ya zama kurkuku, darmar kuma aka yaye ta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A gefen kasuwar akwai cocin Sveti Spas, wanda sai an sauka matakala kafin a shiga. An nutsar da shi cikin ƙasa ne saboda a mulkin Turkawa ba a yarda coci ya kere masallaci tsayi ba. Abin da aka rasa a waje aka rama shi a ciki: bangon katakon da ya raba zauren da wurin limamai, mai faɗin mita 10 da tsayin mita 6, masassaƙa uku ne suka fafe shi daga 1819 zuwa 1824.

Gine-ginen wannan zamani bangonsu mai kauri ne, na dutse da jan bulo, an kama su da kwaɓin farar ƙasa mai haɗe da garin bulo. Wannan kwaɓi yana da laushi, yana barin danshi ya fita, yana kuma jure ɗan motsi. Matsala kan taso idan aka yi gyara da siminti. Siminti ya fi dutsen tauri, ba ya sakin danshi, sai ruwa ya maƙale a baya, gishiri ya taru, fuskar dutsen ta riƙa marmashewa. Idan darmar kubba ta tsage, ruwa na bin bulon zuwa sandunan ƙarfen da ke ɗaure bakunan gini, su yi tsatsa, su kumbura, su fasa dutsen da suke ciki. Shi ya sa kafin a gama gyaran masallacin Mustafa Pasha, wanda hukumar TIKA ta Turkiyya ta ɗauki nauyinsa aka kammala a 2011, injiniyoyi suka gina ƙaramin samfurinsa, ɗaya bisa shida na girmansa, suka ɗora a kan teburin jijjiga don su ga inda zai fara tsagewa.

Akwai masallaci ɗaya da babu shi amma har yau yana cikin muhawara. Masallacin Burmali na 1495 yana bakin gadar ta ɓangaren dandali. A 1925 hukumomin masarautar da ta zama Yugoslabiya suka rushe shi, suka gina gidan hafsoshin soja a gurbinsa.

Ƙarfe 5:17 na asuba

Ran 26 ga Yuli, 1963, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.1 ta afka wa Skopje. Mutum fiye da 1,070 suka mutu, kusan 200,000 suka rasa matsuguni, kimanin kashi 80 cikin 100 na gine-ginen birnin suka rushe ko suka lalace. Agogon tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya tsaya a kan 5:17, kuma haka aka bar shi. Ragowar tashar yanzu gidan tarihin birnin ne.

Maki 6.1 ba shi cikin manyan girgizar ƙasa na duniya. Abin da ya sa ɓarnar ta yi yawa shi ne tushen girgizar ba shi da zurfi, kuma dab da garin yake. Sai kuma irin ginin. Benayen jan bulo masu hawa uku zuwa biyar su suka fi kashe mutane: kwaɓin da ya kama bulon ba shi da ƙarfi, ba a ɗaure bango da bango ba, daben hawa kuma ɗora shi kawai aka yi. Da ƙasa ta motsa gefe da gefe, bangaye suka buɗe, hawa ya faɗo kan hawa. Gine-ginen da ke da ƙashin kankare da rodi sun tsattsage, amma akasarinsu sun tsaya.

Darasin ya shiga doka nan da nan. A 1964 Yugoslabiya ta fitar da ƙa'idar gini ta farko mai la'akari da girgizar ƙasa, aka sabunta ta a 1981. Ginin bulo dole ya samu pila ta kankare a kusurwoyi da ɗamarar kankare mai zagaye kowane hawa, yadda duk ginin zai motsa a matsayin abu ɗaya. A 1965 aka kafa cibiyar nazarin injiniyancin girgizar ƙasa ta IZIIS a birnin, ita ce mai teburin jijjigar da aka ambata. Wanda ke mamakin yadda Skopje ta rungumi kankare haka, ga dalilin nan: mutanen da suka tono 'yan uwansu daga ƙarƙashin bulo ne suka zaɓe shi.

Taswirar Tange da abin da aka samu daga cikinta

Taimako ya zo daga ƙasashe kusan 80, daga ɓangarori biyu na yaƙin cacar baka. Tarayyar Sobiyet ta ba da masana'antar zuba bangayen kankare na harhaɗawa, da ita aka gina benayen unguwar Karposh. Romaniya ta gina asibiti. Polan ta ba da zanen gidan adana zane-zanen zamani da aka buɗe a 1970 a kan tudu kusa da Kale, tsohuwar ganuwar tsaron birnin, masu zane na duniya kuma, har da Picasso, suka aiko da ayyukansu kyauta. Har yau akwai tituna masu sunan Meksiko, Landan da Warso.

Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta jagoranci tsara sabon birnin, ƙarƙashin Adolf Ciborowski, wanda ya yi aikin sake gina Warso, tare da kamfanin Doxiadis na Girka da Polservice na Polan. A 1965 aka yi gasar zana tsakiyar gari tsakanin ƙungiyoyi takwas, huɗu na waje huɗu na gida. Kenzo Tange na Japan ya ci kashi 60 na kyautar, Radovan Miščević da Fedor Wenzler na Zagreb suka ci kashi 40, aka ce a haɗa dabarun biyu. Tange ya zo da tunani biyu: Ganuwar Birni, wato jerin dogayen benayen kwana da za su zagaye tsakiyar gari, da Ƙofar Birni, wato tarin ofisoshi da hanyoyin sama da za su taso daga tashar jirgi. An gina ganuwar, mutane na zaune a cikinta har yau. Ƙofar kuwa ba a samu komai daga cikinta ba sai tashar, wadda aka ɗaga layukanta a kan ginshiƙai aka buɗe a 1981. Kuɗi suka ƙare, aka bar filaye a tsakiyar gari ba kowa, musamman a bakin kogi. Waɗannan filaye su ne aka cike bayan shekara 30.

Masu zanen gini na gida su suka yi mafi yawan abin da ake zuwa kallo yanzu. Georgi Konstantinovski, wanda ya yi karatu a jami'ar Yale ta Amurka wurin mai zanen gini Paul Rudolph, ya zana gidan ajiye takardun tarihin birni da gidan kwanan ɗalibai na Goce Delchev. Janko Konstantinov ya zana babban gidan waya, mai haƙarƙarin kankare da suka lanƙwashe waje kamar furen da ya buɗe. Marko Mušič ya zana harabar jami'ar Kiril da Metodij ta 1974, Živko Popovski kuma babbar cibiyar kasuwanci ta GTC ta 1973, wadda aka bar hanyoyinta a buɗe yadda mai tafiya zai ratsa ta kamar titi.

Makarantar Pestalozzi ta cancanci a tsaya a kanta. Siwizalan ce ta ba da ita, Alfred Roth ya zana, aka gama a 1969, kuma ita ake ambata a matsayin gini na farko a duniya da aka ɗora a kan roba don kare shi daga girgizar ƙasa. Dabarar ita ce a raba ginin da harsashinsa: ƙasa ta yi motsinta, robar ta shanye, ginin ya bi a hankali. Don kada iska ko ƙaramar girgiza ta riƙa kaɗa shi, aka sa tubalan gilashi a gefe waɗanda za su fashe idan jijjigar ta kai wani mizani, su saki ginin. Kuskuren da aka gano shi ne robar zalla ce, babu ƙarfe a ciki. Nauyin ginin ya danne ta ta kumbura gefe, kuma da yake laushinta sama da ƙasa ya yi daidai da na gefe da gefe, ginin zai yi tsalle-tsalle da rangaji a babbar girgiza. Maganin da duniya ke amfani da shi yanzu shi ne a jera siraran faifan roba da na ƙarfe, ɗaya kan ɗaya, ta yadda matashin zai ɗauki nauyi ba tare da ya lotsa ba amma ya yi sauƙin gocewa gefe. Da irinsu aka sauya na makarantar bayan kusan shekara 40.

Shirin Skopje 2014

A Fabrairun 2010 gwamnatin jam'iyyar VMRO-DPMNE ta Firaminista Nikola Gruevski ta fitar da bidiyon yadda tsakiyar birnin zai koma. Shekara biyu kafin nan, a taron NATO na Bukares, Girka ta tare wa ƙasar hanyar shiga ƙungiyar saboda rigimar suna. Masu nazari da dama na ganin shirin a matsayin martani.

Mahayin dokin, mai tsayin mita 14.5 a kan ginshiƙi mai mita 10, an zuba shi a Fulorens ta Italiya, aka ƙaddamar ran 8 ga Satumba, 2011, ranar cika shekara 20 da ƙuri'ar 'yancin kai. Sunansa a hukumance Mayaƙi a Kan Doki, duk da kowa ya san Iskandar ake nufi. Ƙofar Masedoniya mai mita 21 ta biyo a Janairun 2012, gidan kayan tarihin da aka tono daga ƙasa a 2014. Aka sake gina gidan wasan kwaikwayo da gidan hafsoshin da girgizar ƙasa ta rusa, aka ƙara gadoji biyu na masu tafiya da ƙafa, kowacce da gumaka kusan 30, aka kafa jiragen ruwa na ado a kan tushen kankare a cikin kogin. Sannan aka lulluɓe wasu gine-ginen zamani da sabuwar fuska, har da fadar gwamnati ta 1970, duk da mai zanenta Petar Muličkovski ya ƙi amincewa.

Da farko an ce aikin zai ci Yuro miliyan 80. A Afrilun 2013 gwamnati ta ce an kashe miliyan 207. Binciken da 'yan jaridar BIRN, wata ƙungiyar binciken ƙwaƙwaf ta yankin Balkan, suka yi ta hanyar tattara takardun kwangila ya kai miliyan 560 a 2015, daga baya ya haura 680, a kan gine-gine da gumaka sama da 130. Bambancin alƙaluman ya samo asali daga abu biyu. An rarraba aikin tsakanin ma'aikatar al'adu, ƙaramar hukumar Centar da wasu hukumomi, babu kasafi ɗaya da za a duba. Kuma kwangiloli da yawa an yi ta yi musu ƙari bayan an sa hannu. Akwai kuma takaddamar doka: masu suka sun ce gumakan da suka shafi tarihin ƙasa hurumin majalisar dokoki ne, amma aka bi da su ta ƙaramar hukuma, taswirar tsakiyar gari kuma aka yi ta sauya ta don ta karɓi sababbin gine-gine.

Yadda ake sa wa gini sabuwar fuska, da inda take lalacewa

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko, a huda tsohon bango a ɗaure masa firam na ƙarfe, a rataya ɓawon ginshiƙai da ado da aka zuba a masana'anta. Irin wannan ginshiƙi ba ya ɗauke da komai, in ka ƙwanƙwasa shi za ka ji cikinsa fayau. Ta biyu, a liƙa wa bangon faifan farin soso, irin wanda ake kare talabijin da shi a kwali, mai kaurin santimita 5 zuwa 10 ko fiye, a kafe shi da ƙusoshin roba kamar shida a kowace murabba'in mita. Adon tagogi da na goshin gini ana yanka shi daga soson da zazzafar waya. Sai a shimfiɗa raga ta zaren gilashi cikin shafe mai kaurin milimita 3 zuwa 5, a bi da shafen ƙarshe da fenti.

Hanyar ta biyu halastacciya ce, ana amfani da ita ko'ina a Turai don tare sanyi, kuma tana rage kuɗin ɗumama gida sosai. Rauninta yana ga mahaɗa da wuraren da ado ya turo waje, domin nan ruwa ke kwanciya. Skopje na da zafi mai haura digiri 35 da rani, da hunturun da ruwa ke daskarewa. Ƙarfe, soso da shafe ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna, sai siraran tsaga su bayyana. Ruwa ya shiga, ya daskare, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, tsagar ta faɗaɗa. A bayan ɓawon kuma ƙusoshi da firam na tsatsa inda ido ba ya gani. Soso yana narkewa ya ci wuta, don haka ƙa'ida ta ce a ratsa shi da layukan audugar dutse mai tare gobara. A garin girgizar ƙasa, kowane kilo da aka rataya a bango ƙarin abin da zai iya faɗowa kan titi ne. Irin wannan fuska akan yi mata lissafin shekara 25, dutse kuwa ƙarnuka.

Kankaren 1970 ma ba lafiya lau yake ba. Iskar kabon tana ratsa shi a hankali, tana kashe sinadarin da ke kare rodi. In ta cinye santimita 2 ko 3 da suka rufe rodin, sai ya yi tsatsa, tsatsar ta ninka girman ƙarfen, ta ɓalle kankaren. Gyaransa aiki ne na haƙuri: a ƙwanƙwasa da guduma a gano inda ya saki, a sassaƙe har bayan rodin, a kankare tsatsar, a shafa maganin kariya, a cike da kwaɓin da ya dace da launi da sawun katakon asali, a fesa ruwan kariya marar launi. Fenti ya fi araha, amma da zarar an shafa shi ginin ya tashi daga abin da aka zana.

Hujjojin ɓangarori

Masu goyon baya sun ce Skopje ta zama babban birnin ƙasa mai 'yanci a 1991 ba tare da gine-ginen da suka dace da haka ba. Ma'aikatu na zaman haya, gidajen tarihi ba su da mazauni, tsakiyar gari kuma fili ne da ciyawa. Sun ce girgizar ƙasa da masu taswirar 1965 ne suka shafe fuskar Turai da garin ke da ita tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, shirin ya maido da ita ne. Suna nuni da ayyukan yi da aka samu da kuma baƙi: masu yawon buɗe ido daga waje sun tashi daga kimanin 260,000 a 2010 zuwa sama da 750,000 a 2019. Kuma a ganinsu ƙasar da maƙwabta ke jayayya da sunanta da harshenta da tarihinta tana da haƙƙin bayyana kanta da dutse da tagulla.

Masu adawa sun amsa cewa ƙaruwar baƙi ta zo daidai da buɗe sansanin jiragen Wizz Air masu araha a 2012, da wuya a raba dalilan biyu. Masu zanen gini sun ce an ɓata tarin ginin zamani da duniya ta fara daraja shi, kamar yadda baje kolin gine-ginen Yugoslabiya a gidan adana zane-zanen zamani na MoMA da ke New York ya nuna a 2018, kuma an tauye haƙƙin masu zanen da ke raye. Ran 28 ga Maris, 2009, ɗaliban zanen gini suka fito don ƙin gina coci a dandalin, wasu gungun mutane suka far musu. Da aka so lulluɓe GTC, mazauna suka kama hannun juna suka zagaye ginin. A ƙuri'ar raba gardama ta Afrilun 2015 sama da kashi 90 na waɗanda suka fito sun zaɓi a bar shi yadda yake, sai dai kimanin kashi 40 ne suka fito, ƙasa da rabin da doka ta nema. Duk da haka ba a taɓa ginin ba. A 2016, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan afuwar da Shugaba Gjorge Ivanov ya yi wa 'yan siyasa 56, fararen gine-ginen ne aka yi ta jifa da fenti kala-kala.

Albaniyawa, waɗanda kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne na mazauna ƙasar kuma akasarinsu Musulmi, suna da nasu ƙorafin. Sun ce labarin da gumakan ke bayarwa na Masedoniyawa Kiristoci ne kusan zalla, dogayen gine-ginen bakin kogi kuma sun tare Charshiya da hasumiyoyinta daga idon mai tsaye a dandali. Da aka yi maganar coci a dandalin, ƙungiyoyin Musulmi suka nemi a maido da masallacin Burmali. A ƙarshe aka matsar da cocin, masallacin bai dawo ba, gidan hafsoshi ya koma gurbinsa. A Fabrairun 2011 an gwabza a ganuwar Kale kan wani gini mai siffar coci, mutane suka jikkata. Jam'iyyar Albaniyawa da ke cikin gwamnatin haɗaka ta samu nata rabon: dandali mai sunan gwarzonsu Skanderbeg a bakin kasuwar, da ƙaton zanen bango na gwarazan Albaniyawa. Wasu na ganin wannan daidaito ne, wasu na ganin ya ƙara tabbatar da kogin a matsayin iyaka.

Abin da ya shafi mazauna

Idan aka raba Yuro miliyan 680 ga mutum miliyan 1.84 da ƙidayar 2021 ta nuna, kowane kai ya tashi da kusan Yuro 370, abin da ya ɗan haura matsakaicin albashin wata a tsakiyar shekarun aikin. A lokacin da aka fara, rashin aikin yi ya haura kashi 30 cikin 100. A 2014, shekarar da shirin ke ɗauke da sunanta, hotunan ɗakunan gidan ɗalibai na Goce Delchev masu funfuna da yoyon ruwa suka karaɗe intanet. A watan Agustan 2016 ambaliya ta kashe mutum sama da 20 a unguwannin bayan gari, maganar magudanan ruwa ta dawo. Waɗannan su masu suka ke kawowa idan ana batun fifiko. Masu kare shirin kan ce gine-ginen hukuma kadara ce da ta rage kuɗin haya.

Kuɗin kulawa ba ya ƙarewa: famfunan maɓuɓɓugan ruwa, fitilu, wanke gumaka, toshe tsaga. Skopje na cikin kwari tsakanin duwatsu, da hunturu hayaƙin itace da na motoci kan kwanta a kanta, shi ya sa sare bishiyoyi da cike filayen bakin kogi suka zama abin ƙorafi. Mai gida a benen da aka yi wa fuskar soso ya samu ɗumi da sauƙin kuɗin wuta, amma tagarsa ta nutse ciki, haske ya ragu, kuma ranar da fuskar ta tsufa akwai tambayar wa zai biya. 'Yan kasuwar Charshiya, wadda doka ta ba kariya ta musamman a 2008, sun amfana da baƙin da ke tsallako gada, sai dai shagunan masu sana'ar hannu na komawa gidajen shan shayi da na tsaraba.

Gwamnatin Zoran Zaev da ta hau a 2017 ta dakatar da shirin, ta cire sunan Iskandar daga filin jirgin sama a 2018, ta ɗauke gunki ɗaya ko biyu, amma ba ta rushe manyan gine-ginen ba. Gruevski ya tsere Hungari a Nuwamban 2018 bayan an yanke masa ɗaurin shekara biyu a wata shari'a daban, jam'iyyarsa kuma ta dawo mulki a 2024 ƙarƙashin Hristijan Mickoski. Yaye fuskokin ba ƙaramin aiki ba ne: a ƙarƙashinsu akwai bangon da aka huhhuda, wani wurin an cire gilashi da rufin asali, sai an sake ƙera su. Barinsu kuma na nufin babban gyara nan da shekara goma zuwa sha biyar, daga aljihun da Charshiya da gine-ginen kankare ma ke jira. Babban gidan wayan Konstantinov ya yi gobara a Janairun 2013, zane-zanen bangon Borko Lazeski suka ƙone tare da rufin gilashin zauren. Lokacin da ƙungiyar kare kayan tarihi ta Europa Nostra ta sa shi cikin wurare bakwai mafi fuskantar haɗari a Turai a 2021, shekara takwas ke nan ruwan sama da dusar ƙanƙara na sauka a cikin zauren.